WA ZAI BUƊE MAKA ƘOFA RANAR GUDU?

Kira ga 'yan'uwa na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Majiɓincin raunana, Mai karya ƙashin bayan azzalumai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata muna ɗora tambaya guda a gaban kowane magidanci: idan wutar fitina ta tashi, aka rufe hanya, 'yan sanda suka ɓace, wa zai buɗe maka ƙofarsa? Kai kuma wa za ka buɗe wa taka? Mun bi tarihin al'ummomin da aka yi nufin shafe su daga doron ƙasa, mun ga cewa waɗanda suka tsira, bayan ikon Allah, sun tsira ne ta hannun mutane: ɗan'uwa, maƙwabci, mai masauki, abokin ciniki. Wannan igiya ce ake tsinkewa a ƙasarmu, zare bayan zare, kuma masu tsinke ta suna cikinmu, wasu da tutar jam'iyya, wasu da rawani.

MU NE A BAKIN HANYA

Allah Ya zaunar da mu a ƙofar Kano ta kudu. Hanyar da ta taso daga Jos ta biyo ta Saminaka, a ƙasar Doguwa take shigowa jiharmu, ta keta dajin Falgore, ta ratsa Tudun Wada, ta faɗa Kwanar Dangora a ƙasar Ƙiru, inda ta haɗu da babbar hanyar Zariya, sannan ta bi ta ƙasar Bebeji zuwa birni. Duk wanda aka koro daga Filato ko kudancin Kaduna yana neman danginsa a Kano, ƙurar motarsa a kan rufinmu take sauka kafin ta sauka a kan na kowa. Kamar yadda mai gudu yake biyo wannan ƙofa, haka ma maƙiyi ya taɓa biyo ta.

A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya da bindigogin igwa da masu ruwan harsashi. Bebeji ne gari na farko mai ganuwa da ya ƙi buɗe musu ƙofa. Suka harba igwa, ƙofar ta tarwatse, Sarkin Bebeji ya yi shahada a wurin tare da wasu daga cikin manyansa. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi, alhali Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. A tsakiyar Maris Sakkwato ma ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaga tutar hijira ya nufi gabas, ya ratsa ta tsakanin Kano da Zazzau, kuma dubban talakawa suka bar gonaki da rumbuna suka bi shi, har Turawan da kansu suka firgita da ganin garuruwa suna zama kufai. A Burmi aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da mutane fiye da 600. Shekara uku bayan haka, a 1906, aka baje garin Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe mutane wajen 2,000, aka kwashe mata da yara.

To, a nan ne darasin yake. Waɗanda suka tsira daga Burmi ba su da daula, ba su da baitulmali, babu wata hukumar agaji a duniya da ta san da zamansu. Amma ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun keta dazuzzuka da hamada har ƙasar Sudan, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Tsofaffi da masu ciki da jarirai ba sa yin irin wannan tafiya da ƙarfin ƙafa kaɗai. Sai da wani ya goya ɗan da ba nasa ba, wani ya raba ƙunshin garinsa biyu, wani ya sauka daga jakinsa ya ɗora gwauruwar da mijinta ya kwanta a Burmi. Ganuwar ƙasa ta rushe da harbi guda, amma jama'ar da ta riƙe juna ta kai inda ta nufa.

SHI'IBIN ABU ƊALIB

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta Sira. A shekara ta bakwai bayan aiko Manzon Allah (S.A.W.), Ƙuraishawa suka rubuta takardar ƙaurace wa Banu Hashim da Banu Muɗɗalib suka rataye ta a Ka'aba: ba ciniki, ba auratayya, ba hulɗa. Kusan shekara uku aka yi a cikin kwazazzabon nan, har mutane suka ci ganyen itatuwa, ana jiyo kukan yara daga bayan duwatsu. Mu lura da kyau da waɗanda Allah Ya yi amfani da su. Danginsa da ba su musulunta ba sun shiga kwazazzabon tare da shi saboda zumunci. Hakimu ɗan Hizamu yana kai wa gwaggonsa Nana Khadija abinci. Hishamu ɗan Amru yana ɗora wa raƙumi kaya da dare, ya kai shi bakin kwarin, ya sake shi ya shige. Daga ƙarshe mutum biyar, dukkansu a lokacin ba Musulmi ba, cikinsu har da Muɗ'imu ɗan Adiyyu da Abul Bukhturi, su ne suka tashi suka tsaya sai an yage takardar.

Manzon Allah (S.A.W.) bai manta ba. Ranar Badar, da takobi a zare, ya hana sahabbansa kashe Abul Bukhturi saboda wancan alheri. Haka ya riƙa ambaton Muɗ'imu da alheri, mutumin da ya ba shi mafaka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa. Da ya isa Madina, yana cikin ayyukansa na farko ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, mutum da mutum, suna da suna, kamar yadda ya haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Bai bar masu hijira ga wani kwamiti ba. Kowane baƙo sai da ya san gidan da zai kwana. Wannan ita ce Sunna, kuma duk mai da'awar raya Sunna da bai san sunan maƙwabcinsa ba, ya sake duba da'awarsa.

BOSNIYA DA RUWANDA

Akwai masu gaya mana cewa zamani ya canja, yanzu akwai gwamnati, akwai dokar ƙasa da ƙasa, akwai Majalisar Ɗinkin Duniya. Muna roƙonsu su je su faɗa wa matan Srebrenica wannan magana. A 1993 Majalisar ta ayyana wannan gari na Musulmin Bosniya a matsayin tudun mun tsira, ta ajiye sojojin ƙasar Holan su tsare shi. Ranar 11 ga Yuli 1995 dakarun Sabiyawa ƙarƙashin Ratko Mladic suka shiga garin, sojojin Majalisar suna kallo aka ware maza daga mata, kuma cikin 'yan kwanaki aka kashe maza da samari fiye da 8,000. Sai a 2007 Kotun Duniya ta tabbatar da cewa kisan ƙare dangi ne, bayan ƙasa ta riga ta cinye gawawwakin.

Su wa suka tsira? Mafi yawan mazan da suka rayu suna cikin ayarin da ya shiga daji da dare ya nufi Tuzla, tafiyar kusan kilomita 100 a ƙafa, cikin kwanton ɓauna da nakiyoyi, suna ɗauke da raunanansu a kan barguna, kowa yana riƙe da rigar na gabansa don kada duhu ya raba su. A Sarayebo kuwa, birnin da aka yi wa ƙawanya daga 1992 zuwa 1996, mutanen gari da hannuwansu suka haƙa rami mai tsawon kusan mita 800 a ƙarƙashin filin jirgin sama, ta nan abinci da magani suka riƙa shiga. Bakin ramin a gidan wani talaka yake, wanda ya ba da gidansa don jama'a su rayu.

A Ruwanda, cikin kwana ɗari na 1994, an kashe mutane wajen 800,000, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi, galibi da adda, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya nuna gidan maƙwabcinsa. Dubbai sun gudu cikin majami'u aka yanka su a can. Musulmin ƙasar 'yan tsiraru ne, an daɗe ana wulaƙanta su, an tattara su a unguwanni irin su Nyamirambo a birnin Kigali. Amma wannan wariya ta sa Bahutu da Batutsi a cikinsu sun tsaya sahu ɗaya, sun yi auratayya, sun ci a akushi ɗaya shekara da shekaru. Da gidan rediyon RTLM ya fara kiran a fita a yi kisa, da yawa daga cikin Hutu Musulmi suka ƙi, suka ɓoye Tutsi, Musulmi da Kirista, a ɗakunansu da rufin gidajensu, wasunsu suka rasa rayukansu a kan haka. Kuma kada wani ya ɗauka sunan Musulunci kaɗai ne ya yi wannan aiki. Hassan Ngeze, mai jaridar Kangura da ta shekara tana hura wutar ƙiyayya, sunan Musulmi gare shi, kuma kotun Arusha ta ɗaure shi a 2003. Abin da ya yi aiki shi ne imanin da ya sauko daga baki ya shiga mu'amala, aka rayu da shi tun kafin ranar tsanani.

YALWA, KANO DA NGHAR

Mu dawo gida. Jinin Zangon Kataf na 1992 bai bushe a zukata ba aka shiga rikicin Jos na Satumban 2001, wanda ya ci rayuka wajen 1,000 cikin mako guda. A Fabrairun 2004 aka kashe Kiristoci da dama a garin Yalwan Shandam, wasunsu a cikin majami'a. Ranar 2 da 3 ga Mayu na shekarar aka yi wa garin ƙawanya aka kashe Musulmi fiye da 600, aka kwashe mata, dubbai suka watse zuwa Bauci da Nasarawa da sauran wurare. A Janairun 2010 aka ciro gawawwakin Musulmi daga rijiyoyin Kuru Karama, a Maris kuma aka wayi gari da gawawwakin mata da yaran Kirista a Dogo Nahawa. Kowane ɓangare yana ƙidaya matattunsa yana mantawa da na ɗayan, su kuwa masu hura wutar suna kwance a gidajensu da masu gadi.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya game da abin da ya biyo bayan Yalwa. Ranar 11 da 12 ga Mayu 2004, a birnin Kano, wasu suka fita da sunan ramuwar gayya suka afka wa baƙi da ba su san hanyar Yalwa ba, aka rasa rayuka fiye da 200. Muna tambaya: a wane littafin fiƙihu aka halatta jinin mai gyaran mota a Sharaɗa saboda laifin wani a Filato? Wanda ya zauna a cikinmu da aminci amana ne a wuyanmu, kuma Shari'a ba ta ɗora wa wani rai laifin wani. Ban da haka, duk dutsen da aka jefa a Kano, a kan Bahaushen da ke tsugune a Anaca ko Fatakwal yake sauka. Waɗanda suka wanke fuskar Musulunci a waɗannan kwanaki su ne magidantan da suka shigar da maƙwabtansu Kirista cikin ɗakunan matansu, suka tsaya a bakin zaure suka ce ba mai wucewa.

Irin wannan tsayuwa ce Liman Abubakar Abdullahi ya yi a ƙauyen Nghar da ke ƙasar Barikin Ladi ranar 23 ga Yuni 2018. Mahara suka afka wa ƙauyukan yankin, mutane suka kwararo da gudu, yawancinsu Kiristocin Birom. Dattijon, yana da shekara fiye da tamanin, ya sa mata a gidansa, maza a masallaci, mutum 262, sannan ya fita ya tari masu bindiga da hannu wofi ya ƙi ba su hanya. Kuma shi da kansa ya bayyana cewa Kiristocin garin ne suka bar wa Musulmi filin da aka gina wannan masallaci tun shekaru da dama da suka wuce. Alherin da aka shuka tun ana zaman lafiya, shi aka girba ranar da harsashi yake tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MASU TSINKE IGIYA

To, yaya igiyar take a ƙasarmu? Muna tuhumar mutum uku.

Na farko ɗan siyasar da ya mayar da 'ya'yan talakawa karnukan farauta. A ƙarshen Fabrairun 2023, bayan zaɓe, an cinna wa ofishin wata jam'iyya wuta a garin Tudun Wada, rayuka suka salwanta. Ba Sabiyawa ne suka zo ba, ba Turawan Morland ba ne. Masu kisan da waɗanda aka kashe alƙibla ɗaya suke fuskanta, kasuwa ɗaya suke ci, wataƙila a makarantar allo ɗaya suka yi karatu. Saurayin da aka koya wa cewa jinin ɗan wata jam'iyya ya halatta saboda kuɗin cefanen kwana biyu, an riga an koya masa darasin farko na kisan ƙare dangi, domin haka aka fara a Ruwanda: da matasan jam'iyya, da waƙoƙin zagi, da jerin sunaye. Wanda ya ba shi adda kuwa, ranar da gari ya kama da wuta yana Abuja ko Dubai tare da iyalinsa.

Na biyu malamin da ya mayar da mumbari wurin yanke zumunci. Mu masu kira ne zuwa ga gyara, kuma ba za mu daina kiran a koma ga Littafi da Sunna ba, ba za mu kira bidi'a da wani suna ba. Amma bayyana hujja daban, hana gaisuwa da jana'iza da aure tsakanin Musulmi daban. Wanda ya raba wa da ƙani saboda saɓanin mas'ala, har suka shekara ba sa shiga gidan juna, ya yi wa maƙiyi aikin da igwa ba ta iya yi ba. A Srebrenica ba a tambayi kowa mazhabarsa ba, ba a tambayi ko yana salla ba. Sunansa kawai aka duba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na uku shi ne mai cewa ba ruwana. Rumbunsa cike da masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada, amma bai san gwauruwar da ke bayan katangarsa ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. Yana jin an kori Fulani daga wani daji ko an sace mutane a Falgore, ya ce Allah Ya kyauta, ya juya ya ci gaba da barcinsa. A wajensa Bafulatanin ruga ɓarawo ne tun kafin a yi bincike, Bamaguje da Bakurame da Bahaushen Kirista na ƙauyen gaba kuwa ko gaisuwa ba su cancanta ba. Wannan mutum ya sani cewa ranar da zai gudu, ta cikin rugar nan da ƙauyen nan hanyarsa za ta bi.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Ba mu rubuta wannan don tsoratarwa ba, kuma muna roƙon Allah kada Ya nuna mana irin waɗancan ranaku. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna kira ga 'yan'uwa a dukkan rassanmu da waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, kowane masallacin unguwa ya san mutanensa gida gida: marayu nawa, zawarawa nawa, tsofaffin da ba su da mai kula da su nawa, baƙin da rikici ya koro nawa. Jama'ar da ba ta ƙidaya raunananta da rana ba, ba za ta iya kwashe su da dare ba.

Na biyu, a raya zakkar amfanin gona yadda Shari'a ta tsara: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka shayar da wahala da inji. A fitar da ita da kaka, a kai ta ga masu haƙƙi a cikin garin. Bayan zakka, kowace unguwa ta ware rumbun sadaka don baƙon da zai sauka ba shiri.

Na uku, a dawo da martabar mai masauki. Kakanninmu fatake sun yi Gwanja sun dawo ba tare da otal ba, domin a kowane zango akwai gidan da ya san sunan ubansu. Duk wanda Allah Ya hore wa ɗaki biyu ya ƙudurta cewa ɗaya na mai neman mafaka ne, ko wane ne shi.

Na huɗu, limamai da dattawan harka su taka da ƙafarsu zuwa rugagen Fulani da ƙauyukan da ba na Musulmi ba, daga Riruwai har Ƙofa, a yi gaisuwar mutuwa, a duba marar lafiya, a sasanta rikicin gona da burtali tun yana ƙarami. Zumunci a ƙafa yake, kuma wannan ma da'awa ce, wadda ta fi lasifika isa zuciya.

Na biyar, a yi wa matasanmu haramcin bangar siyasa a fili, da sunanta, daga kan mumbari. Uban da ya ga ɗansa ya shigo da kuɗin da bai san tushensu ba a lokacin zaɓe, ya tuhume shi tun kafin a kawo masa gawarsa ko gawar wanda ya kashe.

Na shida, idan labarin kisa ya zo daga wata jiha, kafin a yi komai a tura mutane su tsaya a ƙofar baƙin da ke cikinmu. Fushinmu mu kai shi ga hukuma da hujja da murya ɗaya, mu nemi a hukunta masu laifi da sunayensu, taimakonmu kuma mu kai shi ga waɗanda aka zalunta.

Ya 'yan'uwa, Sarkin Bebeji ya tsaya a bakin ƙofarsa ya hana azzalumi shiga, Liman Abubakar ya tsaya a bakin tasa ya hana a fitar da wanda ya fake da shi. Dukkansu tsayuwa ce da ake nema daga Musulmi, kuma ba a koyonta ranar da ake bukatarta. Wanda ya saba rufe ƙofa ga mai neman gishiri, hannunsa ba zai iya zare sakata ba ranar da mai neman tsira ya ƙwanƙwasa.

Allah Ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya, Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya mayar da korarru gidajensu, Ya kare ƙasarmu daga fitinu na fili da na ɓoye, Ya sa mu zama mabuɗan alheri, makullan sharri.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.